Sojan da ya mutu a ɗakin uwarsa

 

Yau za mu yi tarihin wani manomi na ƙasar Tasawa. An ɗauke shi soja, ya tafi yaƙin Hitila, harsashi bai same shi ba. Ya komo gida da ƙafafunsa, ya yi damana ɗaya, ya mutu da tari a ɗakin uwarsa. Wan kakata ne. Ita ta ba ni labarinsa, Allah ya jiƙanta. Ban taɓa jin ta kama sunansa ba, Yaya take cewa. Ni ma haka zan kira shi. In ka tambayi tsofaffin garinku, ina jin za ka tarar ku ma kuna da irinsa.

Ka san a wancan zamani ƙasarmu tana hannun Faransa. Tun shekarar 1857 Faransawa suka kafa rundunar baƙar fata a Senegal, zamanin wani gwamna mai suna Faidherbe. Suka sa wa sojojin suna "tirayar senegale", wato maharban Senegal. Sunan nan ya bi kowa. Ko kai Bahaushe ne, ko Bazabarme, ko Bambara, in dai ka sa jar dara da kakin soja, ɗan Senegal za a ce maka a Turai. Tun mutum bai bar gida ba an sake masa asali.

A yaƙin duniya na farko, daga 1914 zuwa 1918, Faransa ta kwashi mutum kusan 200,000 daga ƙasashen baƙar fata da take mulka. Kimanin 30,000 ba su komo ba. Da yaƙin ya ƙare, ba a daina ɗauka ba. Ranar 30 ga watan Yuli 1919 aka yi doka cewa kowace shekara za a ɗauki samari, kowa ya yi shekara 3 yana soja.

Ga yadda ake yi. Kumandan ya aika wa sarki, sarki ya aika wa masu gari. A sa rana, a tara samari a bariki. Likitan soja ya tuɓe su, ya auna tsawonsu da nauyinsu, ya duba haƙoransu, ya ƙwanƙwasa ƙirjinsu ya saurara. Mafi yawa mayar da su gida ake yi, don yunwa da cuta sun riga sun taɓa su. Waɗanda aka ga suna da ƙarfi, sai a yi musu ƙuri'a. Wasu su tafi soja, wasu a ajiye su don aikin hanya da gine-gine. Ɗan mai hali da wuya ya shiga layin nan. Ɗan talaka da ɗan bawa su ake turawa. Samari da yawa na ƙasarmu, da sun ji labari, sai su tsallaka ƙasar Ingilishi, su fake wajen dangi a Katsina ko Daura har ƙura ta lafa.

Yaya bai gudu ba. Kakata ta ce tsoro ya ji kada a kama ubansu a tsare a bariki saboda shi. Ƙuri'a ta faɗa kansa shekara guda kafin yaƙi ya tashi, wato 1938. Ita a lokacin yarinya ce, ba ta fara ɗaura zane a ƙirji ba. Ta ce shi ne mai ƙarfin gidansu. Shi ke fara kunya, shi ke fara fita, kuma ya taɓa kokowa a dandali.

Ka riƙe wannan da kyau, mai karatu, don za mu komo kansa. Likitan nasara da hannunsa ya ƙwanƙwasa ƙirjin Yaya, ya shaida lafiyarsa ƙalau. Da ba haka ba, da ba a ɗauke shi ba.

Aka kai su Damagaram, suka koyi fareti da harbi. Daga nan aka gangara da su bakin teku, aka zuba su a jirgin ruwa sai Faransa. Ƴan uwanmu na Kano da Katsina su kuma Ingilishi ne suka ɗauke su, da yawansu aka kai su Bama suka yaƙi Japan. Harshe ɗaya, dangi ɗaya, kowa da nasaran da ya ja shi.

Abin da ya fara tarbar sojan Afirka a Turai shi ne sanyi. Mu nan in ɗari ya yi tsanani, mu hura wuta da safe, hantsi na yi mu manta. Can kuwa wata huɗu ko biyar ake yi, ruwa ya daskare ya zama dutse, yatsun ƙafa su mutu a cikin takalmi. Manyan sojan Faransa sun san da haka tun yaƙin farko. Shi ya sa in sanyi ya shigo suke janye baƙar fata daga fagen fama, su kai su kudu, wajen wani gari Fréjus, inda ya fi ɗumi. Duk da haka cuta ba ta bar su ba. Akwai wani sansani da ake kira Courneau, kusa da birnin Bordo, wuri mai laima da dausayi. Tsakanin 1916 da 1917, sojan Afirka fiye da 900 suka mutu a can. Mafi yawa ciwon huhu ne ya kashe su. Babu Bajamushe ko ɗaya a wurin. Aka binne su a rami na tarayya cikin daji.

Ka ga ke nan, tun kafin Yaya ya je, an san yaƙi yana da hannu biyu. Ɗaya riƙe da bindiga, ɗaya riƙe da cuta.

Ranar 10 ga watan Mayu 1940 Jamus ta afka wa Faransa. Cikin mako shida aka gama. Ranar 22 ga Yuni Faransa ta sa hannu ta miƙa wuya. A makonnin nan sojan Afirka sun yi faɗa ƙwarai, sun kuma sha abin da fararen ba su sha ba. An koya wa sojan Hitila cewa baƙar fata ba cikakken mutum ba ne. A wurare da dama, in sun kama fursunoni, sai su ware baƙaƙen gefe su harbe. Masu binciken tarihi sun ce waɗanda aka kashe haka sun kai 1,500 zuwa 3,000. A wani ƙauye, Chasselay, kusa da birnin Liyon, an gina maƙabarta mai jar katanga irin ginin ƙasashenmu, inda sojan Afirka 188 ke kwance.

Yaya ya tsira daga wannan. Aka kama shi da rai.

Fararen fursunoni an kwashe su zuwa Jamus. Baƙaƙe da Larabawa kuwa aka bar su a sansanoni cikin Faransa. Jamusawa ba su son su shiga ƙasarsu. Suna tsoron cututtukan ƙasashen zafi, kuma ba su son jininsu ya gauraya da namu. Ƴan Afirka baƙar fata kimanin 15,000 ne suka zauna a bayan waya. Cikinsu har da Léopold Sédar Senghor, wanda ya zama shugaban Senegal na farko a 1960. Shi an sake shi a 1942 saboda rashin lafiya. Sauran suka ci gaba da sarar itace, da yin gawayi, da noma gonakin wasu. Daga 1943, a wasu sansanonin, hafsoshin Faransa ne da kansu aka sa su gadi. Mutumin da ka je ka taya faɗa, shi ne ke tsaye da makulli. Wannan ya ci wa sojojinmu rai fiye da yunwa.

Amma in za a faɗi gaskiya a faɗe ta duka. Talakawan Faransa da yawa sun taimake su. Mata sun riƙa aika musu da abinci da safa da wasiƙa, wasu sun ɓoye waɗanda suka gudu. Yaya bai cika ba da labarin yaƙi ba, amma kakata ta ce sau da yawa yakan ambaci wata tsohuwa da take miƙo masa gurasa ta ƙarƙashin waya. Ba ya jin maganarta, ba ta jin tasa.

Akwai mutum na biyu da yake ambata. Wani ɗan ƙasar Mosi ne, abokin kwanansa. Ɗakin katako ne, mutum da yawa a ciki, an toshe kowace kafa don sanyi. Su biyu suke haɗa barguna su kwanta baya da baya. Abokin nan yana tari dare duka. Ya yi ta ramewa har ya mutu. Yaya shi ya wanke shi.

To, a nan ne cutar ta shige shi. Tarin fuka ne. Ƙwayar cuta ce ƴar mitsitsiya, ido ba ya ganinta. Wani likitan Jamus, Robert Koch, shi ya gano ta a 1882. Tana fita daga ƙirjin mai ciwo in ya yi tari, ta tsaya cikin iskar ɗaki, na kusa ya shaƙa. Tana iya kwanciya a jikin mutum shekara da shekaru shiru. In yunwa da gajiya da sanyi suka raunana shi, sai ta farka. Sansanin fursuna kuwa duk ya haɗa waɗannan. Tarin fuka na cikin cututtukan da suka fi kashe fursunonin Afirka a sansanonin nan.

A 1944 aka kori Jamus daga Faransa. Ranar 15 ga Agusta rundunar da ta sauka a kudancin ƙasar tana cike da ƴan Afirka, su suka taimaka aka ƙwato Tulon da Marsai. Aka buɗe sansanoni. Amma buɗe ƙofa daban, komawa gida daban. Jiragen ruwa sun yi kaɗan. Tsofaffin fursunoni suka yi ta jira, suna bin albashinsu na shekara huɗu. Rukunin farko, mutum kusan 1,300, suka sauka Dakar a watan Nuwamba, aka kai su barikin Thiaroye. Suka ce ba za su watse ba sai an biya su. Ranar 1 ga Disamba 1944 da safe sojan Faransa suka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu. A 2014 shugaban Faransa François Hollande ya ce aƙalla 70 ne, wasu masana kuwa suna cewa ɗaruruwa. Sai a 2024 shugaba Emmanuel Macron ya yarda a rubuce cewa kisan kiyashi ne.

Yaya ba ya cikin rukunin nan. Shi ya daɗe bai samu jirgi ba. Kakata ba ta san lissafin shekarun nasara ba, amma ta ce ya iso gida shekarar da aka yi shelar an daina aikin dole. Wannan doka ta 11 ga Afrilu 1946 ce. Ka ga amfanin tambayar tsofaffi: ba su riƙe lamba ba, amma sun riƙe abin da ya faru, kai kuma mai karatu ka nemo lambar.

Kusan shekara takwas ke nan da tafiyarsa. Ubansu ya rasu. Yarinyar da aka yi masa baiko da ita tana ɗakin wani da ƴaƴa biyu. Mutane sun daɗe da cewa a yi masa sadaka, uwarsa ta ƙi. Ran nan da la'asar sai ga mutum a bakin rijiya, da akwatin ƙarfe a ka, da wata doguwar riga mai nauyi, cikin zafin bazara. Kakata na cikin masu ɗibar ruwa, lokacin ta yi aure. Ta ce ta dube shi ba ta gane shi ba. Sai da ya kira ta da sunan da yake tsokanarta da shi tana ƙarama. Ta saki guga a rijiya.

Aka yi guɗa, aka yanka akuya. Gari duka ya zo gaisuwa. Ya raba sabulu da allura, ya ba uwarsa bargo. Yara suna bin sa suna dariyar rigar nan, don ba ya tuɓe ta ko da rana tsaka. Ba su san zazzaɓi ne ke sa shi jin sanyi ba.

Da ruwa ya sauka ya ɗauki hauya ya bi ƙannensa gona. Mutumin da ke fara fita kunya, yanzu sai ya tsaya a tsakiya ya dafa ƙugu. Kwana kaɗan ya daina zuwa. Da dare gumi ya jiƙa masa tabarma. Fura kaɗai ke shiga, ita ma kurɓi biyu. Aka kira wanzami ya yi masa ƙaho. Malam ya yi rubutu. Aka dafa saiwa iri-iri. Wasu suka ce sammu ne, don an ga ya zo da akwati. Wasu suka ce iskar ƙasar nasara ce ta biyo shi. Shi bai musa wa kowa ba. Kakata ta ce rana ɗaya ta kai masa ruwa, ta ga jini a tsumman da yake tofawa. Ya ɓoye, ya ce mata, "Ƙanwata, kada ki gaya wa Inna. Na san wannan tarin. Na taɓa kwana da shi."

Kada ka ga laifin mutanen gida. Ko da sun ɗora shi a jaki sun kai shi gidan likita, babu maganin a can. A 1943 ne aka gano maganin farko mai kashe ƙwayar nan, a Amurka, sunansa streptomycin. A ƙarshen 1944 aka fara gwada shi ga masu ciwo. A 1946 ko a Turai ba kowa ke samun sa ba, balle ƙauyen ƙasar Tasawa. Yau kuwa tarin fuka yana warkewa in an sha magani wata 6 ba fashi. Don haka, wanda tari ya wuce masa mako biyu, ya je a duba majinarsa, kada ya tsaya neman wanda ya yi masa sammu.

Da jiki ya yi nauyi, uwarsa ta ce a kawo shi ɗakinta. Ɗanta na fari ne, ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa zama kusa da shi a gaban mutane ba. Yanzu ta ajiye kunya. Ta rufe ƙofa da asabari don kada iska ta taɓa shi, ta hura wuta, ta kwana tana tallafe da kansa. An gama girbi, an ɗaure dammuna, ɗari ya fara shigowa, ya cika da asuba. Kafin azahar an kai shi.

Bayan shekara biyu tsohuwar ta bi shi, da tari iri ɗaya. Mace ce da ba ta taɓa wuce kasuwar Tasawa ba. Ni dai a wurina yaƙin Hitila ne ya kashe ta.

Yanzu mu komo ga maganar takarda. Tun 2 ga Yuli 1915 Faransa tana da doka: sojan da ya mutu saboda yaƙi, ana rubuta wasu kalmomi a takardar mutuwarsa, ma'anarsu "ya mutu don Faransa". Dokar ba ta tsaya ga wanda harsashi ya kashe ba. Ta haɗa da wanda ya ɗauki cuta a bakin aikin soja lokacin yaƙi. Wannan rubutu shi ke sa a sassaƙa sunan mutum a dutsen tunawa, shi ke buɗe wa iyalinsa ƙofar taimako. Bisa doka, Yaya ya cancanta. Amma sai da takardar mutuwa, sai da shaidar likita cewa ga cutar, ga inda ta samo asali, sai kuma wani ya rubuta ya nema. A ƙauyenmu a lokacin ba a rubuta haihuwa, ba a rubuta mutuwa. Babu wanda ya iya boko a gidan. Ranar tafiya akwai likita mai ƙwanƙwasa ƙirji. Ranar mutuwa babu. In an faɗi yawan waɗanda yaƙi ya ci, masu mutuwa a gida irin Yaya ba su cikin lissafin.

Waɗanda suka rayu ma, mazan jiya da muka taso muna gani da lambobinsu a ƙirji, ba su sha da daɗi ba. A ƙarshen 1959, ana gab da ba ƙasashenmu mulkin kai, Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshonsu. Na Bafaranshe yana ƙaruwa, nasu yana tsaye wuri ɗaya. Wani tsohon saje na Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara. Babbar kotun Faransa ta ba shi gaskiya ranar 30 ga Nuwamba 2001, shi kuwa ya rasu tun 1996. Sai a farkon 2011 aka daidaita fanshon gaba ɗaya, lokacin da mafi yawansu suna ƙasa.

Akwatin ƙarfen nan ya zauna a ɗakin kakata. A ciki take ajiye zannuwanta na biki. Ran nan, bayan na iya karatu, ta ce, "Maigidana, zo ka karanta mani wannan." Ta ciro wani ɗan littafi a naɗe cikin tsumma, gara ta ci gefensa. Littafinsa ne na soja. Ta yi shekara fiye da arba'in tana ajiye da shi, ba ta san abin da ke ciki ba. Da Faransanci aka rubuta, amma baƙaƙen boko iri ɗaya ne da waɗanda kake koyo yanzu, lambobi ma haka. Na karanta lambarsa. Na karanta sunansa, an rubuta shi yadda kunnen nasara ya ji, sai da na maimaita sau uku kafin ta gane. A wurin haihuwa an sa "wajen 1918". Rubutu na ƙarshe shi ne ranar da aka sallame shi. Daga nan takarda fara ce.

Tun 2003 hukumar sojan Faransa ta fara sa katunan matattunta a intanet, na yaƙin farko kaɗai sun fi 1,300,000, daga baya aka ƙara na yaƙi na biyu. A katunan yaƙin farko akwai layin da ke faɗin irin mutuwar, kuma a na ƴan Afirka sau da yawa cuta za ka gani. Wani ɗana ya duba mani a wayarsa. Muka gwada sunan Yaya yadda muke faɗa, muka gwada yadda aka rubuta a littafin. Bai fito ba.

Kai da ka fara riƙe alƙalami, ga aikin da za ka iya, ba sai ka jira kowa ba. Ka samu tsoho ko tsohuwa a garinku, ka tambaya wa aka ɗauka soja a zamanin nasara. Ka rubuta sunansa da na ubansa a littafinka na makaranta, da shekarar da ya tafi, da yadda ya komo, da abin da ya yi ajalinsa. In an ce maka shekarar fari ce ko shekarar yunwa, rubuta haka nan. In akwai tsohuwar takarda a ƙasan akwati, a fitar da ita daga bakin gara. Ni na yi sakaci, tambaya kaɗan na yi wa kakata, ina cewa gobe.

Abu ɗaya dai na samu na tambaye ta, inda aka binne shi. Ka san kabarinmu ba a sa masa dutse mai rubutu, damana biyu uku ya baje. Ta ɗauki sandarta, muka fita gabas da gari. Tsohuwar maƙabartar ta zama gona, an shuka hatsi. Ta tsaya ta daɗe tana dube-dube. Sannan ta nuna wani gawo da sanda, ta ce, "Daga gindin wancan, ka yi taki goma wajen kudu. Shi ne nan, Inna tana bayansa."